Agogon Kwamfutar Uwaisu

Zuwa ga Kamaruddeen, Bacirawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka.

Ni ne mahaifin abokinka, marigayi Uwaisu. Ya taɓa shaida mini cewa kun yi manhaja mai karanta rubutun Hausa a fili, kuka sake ta kyauta ga kowa, kuma yana shirya wata da muryarsa. Matarsa Tahira za ta fita takaba ƙarshen watan nan, ta koma gidansu da kwamfutarsa, domin ta faɗo a rabon ɗansu. Ina so in ji shi kafin a tafi da ita.

Manhajar ba a haɗe take ba, rubutunta na asali kawai na tarar. Na bi umarnin harhaɗawa daki-daki, sai aikin ya tsaya, wai babu wani laburaren sauti, wato tarin fayilolin da manhajar ke buƙata. Na kwafe saƙon a bayan takardar nan. Kada ka ce in buga waya. Na tsufa ina koyar da lissafi, ban taɓa gyara kuskure da ka ba.

Wassalam,
Abdulkabir Sabo, Tsamiyar Kwari, ƙasar Ɗambatta

Baba,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Uwaisu, ya ba ku haƙuri.

Muryar tasa ba ta ko'ina sai a kwamfutar nan, bai kai ga turo mana ba. Ga filashi na ba direban motar Ɗambatta, laburaren yana ciki, da yadda za ku fara harhaɗa shi. Saƙon da kuka kwafe ko ɗigo bai ɓace ba, ina ma haka ɗalibaina suke. In kun yarda in zo ran Asabar in yi muku.

Ɗanku,
Kamaruddeen

Zuwa ga Kamaruddeen.

Bayan gaisuwa, saƙonka ya iso, na gode. Kada ka zo. Abin da ɗana ya bari, ni zan ƙarasa.

Laburaren ma ya ƙi. Ma'anar saƙon ita ce, fayil ɗin da kwamfutar ta ƙirƙira yanzu ya girmi waɗanda ka aiko, in duba agogo. Na duba. Ranar da take nunawa ita ce Larabar da Uwaisu ya hau babur zuwa kasuwar Dawanau, da hantsi. Na kashe na kunna, tana nan a Larabar. A wurinta ba a kai ga azahar ba, ba a zo an yi mini sallama a ƙofar gida da labarin rasuwarsa ba. Jiya na zauna gabanta a zaure har aka kira la'asar, ban taɓa komai ba, ina ta jin kamar ƙarar babur daga bayan gonakin dawa.

Wannan dukiyar maraya ce, ba na jin ya halatta in sauya abin da ke cikinta. Ka nemo wata hanya.

Wassalam,
Abdulkabir Sabo

Baba,

Ina gaishe ku. Ɗan batirin agogonta ne ya mutu, ga shi babu intanet a wurinku, shi ya sa take komawa ranar da aka kashe ta ƙarshe. Ita a ganinta fayilolina daga gaba suka zo, ba za ta yi gini a kansu ba.

Akwai dabarar da zan mai da kwanan fayilolin baya, su dace da Larabar. In kun ce in yi, zan yi. Amma Baba, ku da kuka kori Uwaisu daga aji kan kwanan wata na ƙarya, kun san gyara agogo ba cin dukiyar maraya ba ne. Na rubuta umarnin a ƙasa. Na bar gurbin kwanan wata, ku cike da na yau.

Ku yafe mini in na yi rashin kunya.

Ɗanku,
Kamaruddeen

Zuwa ga Kamaruddeen.

Bayan gaisuwa. Na cike gurbin da safiyar yau. Laburaren ya haɗu, manhajar ma ta haɗu, babu kuskure.

Ta nemi rubutu. Sai na rubuta sallama. Uwaisu ya yi ta da muryarsa, da ɗan jan nan nasa a ƙarshe.

Na amsa, tunda amsa sallama wajibi ne. Tahira tana tsakar gida tana sheƙar gero, ba ta san abin da nake yi ba. Ita ma ta amsa.

Wassalam,
Abdulkabir Sabo