An Kori Radmila Kan Takardun Da Ni Na Tura

Inna Milanka, don Allah ki taimake ni, ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana.

Shekarata tara ina aiki a ɗakin gwaji na wata masana'antar madara da ke bayan garin Niš. Mu biyu ne a ɗakin, ni da Radmila. Ta girme ni da shekara ashirin, ita ta koya mini aikin. Tun bazara muka lura gubar ruɓaɓɓiyar masarar da shanu ke ci ta wuce ƙa'ida a madarar, amma takardar da ke fita daga ofishin manaja wani adadi daban take nunawa. Radmila ta ce in ja bakina in yi shiru, saura mata shekara biyu ta yi ritaya. Na kasa. Yogot ɗin da ake yi da madarar nan ne 'yan makaranta ke kora burek, wato gurasa mai cuku, da shi kullum safe.

Yayana Slavoljub ya sa mini manhajar ɓoye sawu a kwamfuta. Yana dariya ya ce, "Ke dai matsoraciya ce. Tasha uku, wato kwamfutocin wasu mutane, saƙonki zai bi kafin ya isa, ko shaiɗan ba zai san daga inda ya fito ba." Ranar wata Asabar na zauna a kicin, na buɗe shafin wata 'yar jarida, na tura mata sakamakon gwajin wata huɗu. Ban sa sunana ba.

Bayan kwana goma sha ɗaya manaja ya kira Radmila. Takardun nan suna kan teburinsa. Kwamfutar ɗakinmu da sunanta ake shiga, ashe sunan yana manne a cikin fayil ɗin. 'Yar jaridar kuwa ba ta samu komai ba. Slavoljub ya bincika, ya ce bisa dukkan alamu wani mugu ne ke riƙe da tashar ƙarshe, ya musanya shafin da na bogi, yana tara abin da mutane ke turawa. Mugun ya ga sunan masana'antar a saman takarda, ya kai musu.

Aka kori Radmila. Ina tsaye ta kwashe kayanta. Abin da ta ce kawai, "Ki dinga rufe taga kafin ki tashi, 'yata, na san ki da mantuwa." Na ce to.

Yau sati shida. Ina zuwa aiki, ina gwaji, ina cin abinci. Ban yi kuka ba, ban ji tsoro ba, ban ji komai ba. An ba ni kujerarta, na zauna. Na bi ta ƙofar gidanta sau biyu, na ga hayaƙin tattasan da take gasawa, na wuce. In na fito na ce ni ce, ni ma za a kore ni, ga mahaifiyata a hannuna. Me zan yi? Kuma me ya sa ba na jin komai?

Mai gwajin madara, Niš

*

'Yata,

Ba ƙeƙashewar zuciya ke damunki ba. Kayan ne suka yi nauyi, zuciyar ta sandare. Wadda ba ta damu ba ba za ta rubuto mini ba.

Mu raba laifin. Wanda ya sauya adadin gubar da wanda ya kafa tarko a hanya, su ne masu laifi. Ke kin yi abin da ya dace, sai dai kin dogara da abin da ba ki fahimta ba. Manhajar nan tana ɓoye inda saƙo ya fito, ba ta goge abin da ke cikinsa. Kowa na iya kafa tasha, na kirki da na banza, kuma in shafin ba shi da alamar kwaɗon kullewa, mai tashar ƙarshe na iya karanta saƙon, ya kuma juya ki inda ya so. Yayanki ya gaya miki rabin gaskiya.

Gudun korar da kike yi a kan hanya yake, kuma shiga ofishin manaja ki ce ke ce ba zai maido da Radmila ba. Kada ki yi. Cikin satin nan ki ga lauyan da ya san dokar ƙwadago da kariyar masu tona asiri, ki kai masa takardun a hannu. Shi zai nuna miki yadda za ki kai ƙara wurin masu duba abinci da sunanki, a buɗe, ki kuma zama shaidar Radmila. Madarar nan har yanzu tana shiga kasuwa. 'Yar jaridar ma, ki buga wa ofishinsu waya ki tambayi hanyar da suka amince da ita.

Amma kafin duk wannan, ki je wurin Radmila. Ku biyu ne a ɗakin, 'yata. Ta san ba ita ta tura ba, don haka ta san wadda ta tura, kuma ba ta faɗa ba. Sati shida ke nan tana rufa miki asiri. Wataƙila ta zage ki, wataƙila ta rufe ƙofa. Ki tsaya ki ji, haƙƙinta ne.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya maido wa Radmila mutuncinta. Gobe ki ƙwanƙwasa ƙofarta.

Inna Milanka