Ƙwallayen Magaryar Mahmudu

Unguwar Ƙiblatain,
Madina.

Zuwa ga yayana Jumare,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi maka gaisuwa ta girma, tare da fatan wannan takarda za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da duk danginmu na Abeshe. Allah ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan, ya ba ku damina mai albarka. Mu nan lafiya lau. 'Yata Nadiya ta koma aikinta a asibiti, ni kuma ina nan yadda ka san ni. Ina ci in an ajiye min, ina barci in ya zo. Wata huɗu ke nan da rasuwar ɗana Rilwanu, har yau ban yi kuka ba. Maƙwabta suna yaba haƙurina, ni dai na san ba haƙuri ba ne, kawai ba na jin komai.

Na saurari saƙonka inda ka ce in aika ƙwallayen magaryar gidanmu a shuka a kan kabarinsa, tunda Allah bai nufa ya kwanta a Madina ba. Ka yi magana irin ta kawu. Amma kafin in ba ka amsa, bari in faɗa maka abin da ya faru makon jiya.

Ka san magaryar nan, maigidana marigayi Mahmudu ne ya shuka ta a tsakar gida da ƙwallon da ya zo da shi daga wajenku, shekarar da aka haifi Rilwanu. Da ganyenta aka yi wa Mahmudu wanka ranar da ya rasu. To da yaron ya gama karatun gandun daji ya sami aiki a tsibirin Komoros, duk shekara in alhazan can za su koma sai in ba su dabino su kai masa, in ƙulle ƙwallayen magarya a ƙyalle in tura a ciki. Nufina ya shuka, ladan ya isa kabarin ubansa. In na tambaye shi a waya, shi da ba ya amsa min da Hausa, sai ya ce da Larabci, "Khalas ya ummi," wato shi ke nan uwata, an shuka. Shekara shida ina lissafin bishiyoyin Mahmudu a raina, har ina cewa yanzu ta farko ta isa yin 'ya'ya.

Aikin nasa kuwa ban taɓa yarda da shi ba. Ya sha yi min bayani cewa wata gwaibar daji ce da aka shigo da ita daga wata ƙasa ta mamaye duwatsun da ruwan garin ke fitowa, ta hana itatuwan wurin tashi, har idanun ruwa suka soma ƙafewa. Shi da abokan aikinsa sukan hau da adduna su ɓare ɓawon manyan su zagaye har su bushe a tsaye, su tuge ƙananan da hannu, sannan su dasa na asalin wurin. Kafin su hau ma sai sun goge takalmansu da buroshi kada ƙwayar wani iri ta bi su. Ni da na girma inda ake yi wa inuwa layi, sai in yi masa tsiya in ce na haifi ɗa na kai shi jami'a ya koyo kashe bishiya. Dariya kawai yake yi. A kan dutsen nan ƙasa ta zame da shi ranar wani ruwan sama, ajalinsa ke nan.

Makon jiya wani abokin aikinsa mai suna Bakri ya zo Umara, ya nemo gidanmu da jakar Rilwanu. Nadiya ta kawo masa shayi, na zauna ina fito da kayan ɗaya bayan ɗaya kamar na wani. Riguna, buroshin nan na takalmi, sai wata kwalba mai murfi an naɗe bakinta da salatif. A ciki ƙulle-ƙullena ne guda shida, ko ɗaya ba a kwance ba. Kowanne da 'yar takarda, ya rubuta shekarar da hannunsa.

Bakri ya sunkuyar da kai ya ce Rilwanu ya hana kowa taɓa kwalbar. Wai magarya in ta sami ruwa irin na can, abin da gwaibar ta yi ita ma za ta iya yi. Zubarwa bai iya ba domin daga hannuna suka fito, gaya min kuma bai iya ba. Ya ƙara da cewa idon ruwan da suka shekara biyar suna share samansa ya dawo, matan ƙauye a nan suke ɗiba, kuma da shi aka yi wa Rilwanu wanka. Na ce masa madalla, na ƙara masa shayi.

Na nemi fushin ƙaryar da ya yi min, ban same shi ba. Bishiyoyi shida da nake yi wa ubansa lissafi, ashe suna cikin kwalba. Na je Harami na tambayi wata malama ko wanda ya sare itace don mutane su sha ruwa yana da lada. Ta ce shayar da ruwa yana cikin manyan sadaka. Na dawo a motar haya ina kallon titi.

Saboda haka Yaya, ka yi haƙuri, ba za a shuka komai a kan kabarinsa ba. Bai bar ƙwallayen nan sun taɓa ƙasar can ba yana raye, ba zan sa su a kansa ba yanzu da ba zai iya hana ni ba. Kwalbar tana cikin wannan saƙo. Ka shuka su a bayan gidanmu na Abeshe inda uwarsu ta fito, ka yi niyyar ladan ga su biyun, uba da ɗa. Ka kwance ƙulle-ƙullen da kanka, ni na gwada na farko hannuna ya ƙi.

Ka gaida Yaya Rakiya da Hibatullah da yaranta. Nadiya tana gaishe ka, ta ce ka sa ɗan'uwanta a addu'a.

Ƙanwarka,
Fatna.