Ƙyauren da Inna Ta Daina Ganewa

Zuwa ga ƙanena Ibram, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kana lafiya, kai da Nasira da yara. Mu nan Gure sai godiya. Gero ya yi kyau wajen Gidigir, ƙanwarmu Salamatu kuma ta sauka lafiya, an samu namiji.

Na rubuto ne a kan ƙyauren zauren gidanmu, wanda Baba ya sassaƙa da hannunsa. Ka ce ya yi baƙi, yana ba ka kunya a hoto, ka aiko da gwangwanin man ƙyalli, ka buga wa Mamadu masassaƙi tarho ba tare da ka tambayi mu da muke shige da fice ta cikinsa ba. Mamadu ya kankare shi tas, ya shafe shi. Ya koma rawaya mai sheƙi, kamar ƙofar ofishin babban mutum. Ka iya zaɓe, ƙanena.

Abin da hoto bai nuna maka ba shi ne, tun da mantuwa ta kama Inna, da wannan baƙin ƙyaure take gane gidanta. Washegari ta dawo daga maƙwabta, ta wuce shi, sai bakin kasuwa aka tsince ta. Yanzu kullum tana zaune gindin katanga, tana ce wa masu wucewa su nuna mata gidan mijinta.

Na shiga neman launin da ka zubar. Littattafaina sun san tarihin Borno, amma ba su san wannan ba. Ni da Mamadu muka sake kankare ƙyallin, muka jiƙa bagaruwa da ƙusoshi masu tsatsa, muka gwada a guntun katako: ya yi baƙi kamar tawadar allo. Muka ƙara ruwa, ya koma toka. Muka dafa karan dafi muka zuba, ya yi ja kamar bakin mai cin goro. Haka muka yi ta ragi da ƙari, sannan muka shafa wa ƙyauren, har Habsu matata ta rantse cewa ƙyauren Baba ya dawo.

Na kamo hannun Inna na kawo ta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta shafa wurin da tafin Baba ya lotsa saboda turawar shekara da shekaru. Wurin ya baje, kankara ta cinye shi. Ta janye hannunta ta ce, "Gidan mutane ne, Tanimu. Mu tafi."

Don haka kada ka sake aiko da komai. Ka zo da kanka, tun tana iya gane fuskarka, domin fuskar taka ma na ga birni ya soma kankare ta.

Habsu da Salamatu da Kawu Fadilu suna gaishe ku. Inna ba ta ba da saƙo ba.

Yayanka,
Tanimu