Tsakuwoyin Kaka Yelwa

Damba, Gusau,
9 ga Mayu, 1998.

Zuwa ga aminiyata Huseina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Sabiru da yara, musamman ɗiyarki Sadiya. Yaya zafin Tsafe? Yaya ƙafar nan taki?

Jiya aka dawo mana da goro da alawar da muka kai na neman auren Sadiya ga ɗana Mahadi. Ban tambayi dalili ba, na san bakina ne ya jawo. Ranar suna a gidan Alhaji Bello nan unguwarmu, mata suka tambaye ni asalin yarinyar. Na ce ba ta da aibu, sai dai uwarta tubabbiya ce, 'yar Maguzawa, imani kuwa jini yake bi, abin tsoro shi ne jikoki. Ban san ƙanwar mijinki tana zaune a bayana ba. Kin gani ko, har yanzu abin da hannuna ya fara rubutawa ke nan, sai ka ce da ba ta wurin maganar ta halatta.

Shekara ashirin muna tare tun makarantar matan aure, kin riga ni sauka, ke kike gyara mini tilawa. Amma Huseina, haka na tashi ina ji, cewa addini a gidanmu gado ne. Ban faɗa don in wulaƙanta ki ba. Mahadi ya daina cin tuwona, daga bakin ƙofa yake gaishe ni. Ki taimaka ki sa baki wurin Malam.

Taki,
Shafa'atu.


Damba, Gusau,
24 ga Mayu, 1998.

Zuwa ga Huseina,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kun tashi lafiya, an kuma sami ruwan shuka. Ban ga amsarki ba, ban kuma ga laifinki ba. Ki yaga waccan takardar, wadda ta rubuta ta tana neman a yafe mata ne ba tare da ta sunkuya ba.

Na je Bungudu wurin Inna, ina tsammanin za ta goya mini baya. Ta bari har na yi la'asar a ɗakinta. Kin san tsakuwa huɗun nan da nake jerawa a gefen tabarma, duk raka'a in ture ɗaya. Wurin Kaka Yelwa, mahaifiyar Inna, na koya, ita ta bar mini su, kuma kullum ina faɗa muku da alfahari cewa dabarar bayin Allah ce na da. Da na sallame sai Inna ta ce, "Shafa, mi kika ce ma ɗiyar mutane?" Na maimaita mata. Ta nuna tsakuwar da haɓa ta ce, "To jikar waliyyai, wanda aka haifa cikin salla yana ƙirga ta da dutse?"

Huseina, ashe Kaka Bamagujiya ce. Giya take dafawa, tana da 'ya'ya uku ta tuba. Lissafin raka'a ya riƙa kuɓuce mata, shi ne ta samo tsakuwa. Da aka aurar da Inna gidan malamai sai aka rufe zancen, mu muka tashi ba mu sani ba.

Inna ta ce wata ranar kasuwa Kaka da yayarta suna tafe da tallan daddawa aka kira azahar. Kaka ta tsaya cik, ta ce ƙafarta ta ƙi tafiya. Yayar ta ce mata in ta gama sauraren waƙar ta same ta a rumfa. Uwa ɗaya, uba ɗaya, nono ɗaya, kira ɗaya suka ji. Yayar ta mutu a kan abin iyayenta, kuma har ta mutu duk azumi ita ke aiko wa Kaka geron kunu.

Na tambayi Inna, to Kaka ce ta zaɓa ko an rubuta mata ne? Ta ce ita ma ta taɓa tambaya, Kaka ta ce, "Tsayuwar dai tsayar da ni aka yi, amma shekara biyu da na yi ina shan zagin dangi ina koyon Fatiha, wannan da ƙafata na je." Ban san yadda malamai za su raba wannan ba. Abin da na sani, jinin da na yi tinƙaho da shi bai taɓa tashina asuba ba. Ga yayana Labbo, ɗan liman guda, sai Juma'a ake ganin goshinsa a ƙasa. Ni na tarar da abin a shimfiɗe na hau. Ke da mahaifiyarki kun bar gida da dangi kuka same shi, ni kuma na buɗe baki na kira shi aibu.

Kwana uku ban iya taɓa tsakuwar ba, sau biyu ina yin ƙabli da ba'adi. Ban roƙe ki zancen aure yau ba. Ki yafe mini don Allah.

Mai jin kunyarki,
Shafa'atu.


Damba, Gusau,
2 ga Yuni, 1998.

Zuwa ga 'yar'uwata Huseina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Malam, a shafa mini kan yara. Saƙonki ya iso, takarda da ƙullin tsumma. Na kwance na ga tsakuwa huɗu, sun yi sulɓi don shan hannu, kika ce na marigayiya mahaifiyarki ne.

Ashe tun ranar da muka fara salla tare a makaranta kika gane. Kika ce da kika ga ina ture dutse sai zuciyarki ta ce ga 'yar gida, shi ya sa kika matso da tabarmarki kusa da tawa. Shekara ashirin kina jin ina yabon jinin gidanmu, kina sane, ba ki taɓa tanka mini ba. Na karanta wurin nan sau uku, na rufe fuska da mayafi alhali ni kaɗai ce a ɗaki.

Na ji sharaɗin Malam, cewa maganar da aka yi a gaban mata a gaban mata za a janye ta, sannan a maido goro. Ya yi daidai. Ranar Asabar akwai walimar sauka a gidan Alhaji Bello, duk matan ranar nan za su zo. Na aika wa ƙanwar mijinki ta zauna a gabana wannan karon. Zan tashi in faɗa musu sunan kakata da sana'arta. Na san Hajiya Mas'uda, mai baza labarin unguwarmu, sai ta kai shi har garin Rawayya kafin magariba, to ta kai.

Mahadi ya ci tuwo jiya, har da ƙari. Tsakuwoyin na haɗa su takwas a gwangwani ɗaya, na ajiye wa jikokinmu. Ɗazu na so in ware na Kaka, na kasa gane su.

Taki har kullum,
Shafa'atu, jikar tubabbiya.