Hular da Ke Rufe Agogon Mota

Malam Mai Shawara, don Allah ka taimake ni, abin nan ya hana ni sakat.

Mu uku ne ’yan Wudil da ke aiki a Kano, kuma mota ɗaya muke shiga kullum, sabuwar Fijo ta Yaya Isyaku, wan matata. Shi ya kawo shawarar, wai ba dalili kowa ya fito da abin hawansa alhali hanya ɗaya ce, ga layin mai. Na ji daɗi, na jingine Besfata. Na ukunmu Maikano ne, shi ke zama gaba, ni a baya.

To, Yaya Isyaku gudu yake kamar an biyo shi. Kafin in gama karyawa ya danna hon sau uku a ƙofar gidana, ina shiga sai ya fizge ta. Akwai allo a bakin gari da ya ce a rage gudu, ko kallonsa ba ya yi. Ranar Juma’ar da ta wuce, ranar kasuwa, saura ƙiris mu kwashe wata tsohuwa mai tallan nono a gindin gada. Ƙwaryarta ta fashe.

Abin da ya fi damuna shi ne hularsa. Da ya zauna sai ya cire ta ya kifa a kan agogon da ke nuna gudu. Me yake ɓoyewa? Na sha jin cewa wasu direbobi na da layar da ke fitar da su in an yi haɗari, a bar fasinja a ciki. Zuciyata ta ba ni laya ce a ƙarƙashin hular, kuma Maikano ya sani, don ya ƙi ba ni gaba ko sau ɗaya, wai ƙafafunsa dogaye ne. Ina tsoro, Malam, ’ya’yana huɗu. Amma ta yaya zan dubi wan matata in ce na daina shiga motarsa?

Mai Zaman Baya, Wudil

Malam Mai Zaman Baya, tsoronka yana kan hanya. Gudu a cikin gari, ballantana ranar kasuwa, ganganci ne, kuma tsohuwar nan tana da haƙƙi a kanku ku ukun. Ku neme ta ku ba ta haƙuri, ku saya mata ƙwarya.

Maganar laya kuwa, ajiye ta. Ba ka gani ba, zato kake, kuma zato kan suruki yana iya rusa zumunci. Mai yiwuwa rufin motar ke ture masa hula. Mai yiwuwa kuma ya gaji da ganin wuyanka na leƙowa daga baya. Ko ma mene ne, bai kamata a rufe agogon ba. Ka same shi a gida cikin ladabi, kai kaɗai, ka ce tun ranar Juma’a hankalinka bai kwanta ba, kana roƙon a bar agogo a buɗe. Kada ka aika matarka. Haɗa mota tsari ne mai kyau, ku riƙe shi. In ya ƙi sassautawa, Besfarka na nan, kuma ba kunya a ciki.

Sai dai na sake karanta wasiƙarka. Hon sau uku, kana karyawa. Mutumin da zai sa hannu a ofis ƙarfe takwas, in an ɓata masa lokaci a ƙofar gida, a kan titi zai rama. Gobe ka sha kokonka da wuri, ya zo ya tarar da kai tsaye a waje, sannan ka ga yadda zai tuƙa. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.