Tambayar da Malam Hafizu Ya Bari

Daura,
12 ga Sha'aban.

Raihana,

Kada ki karanta wannan wasiƙa a tsaye, kada kuma ki tura ta cikin waya ƙawayenki su yi dariya. Zauna ki karanta har ƙarshe.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu yana tafiya daidai. Mu nan lafiya lau, sai ƙafata da ke taɓa ni.

Takardar da kika aiko daga Kano tana hannuna, wadda sai na sa hannu za ki tafi ƙasar waje karatun kumbon da ake harbawa duniyar wata. Kwana tara ban taɓa ta ba, kuma kin san dalili. Ranar da aka taru don yi wa marigayi Malam Hafizu, limamin unguwarmu, addu'ar cika shekara biyar, Baffanki Hussaini ya ce Malam ya haramta irin wannan karatu. Ke kuma kika rubuta wa dangi cewa dama malaman da can ba su san komai ba sai duban wata a kan soro. Na ji kunya. Baffanki ya yi wa mamaci ƙage, ke kuma kika yi wa mamacin rashin kunya, alhali shi ya raɗa miki suna.

To, ji daga wadda ta zauna gabansa. Ina aji uku a sakandare malaminmu ya ce mutane sun taka wata. Na kai ƙara wurin Malam, ina zaton zai tsine masa. Bai tsine ba. Cewa ya yi shi bai je ba, bai gani ba, in kawo littafin da labarin yake ciki. La'asar uku ina durƙushe gefen buzunsa ina fassara masa, yana tsayar da ni yana tambayar me suka ci, da me suka shaƙi iska. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: Musulmi in ya je can, ina zai fuskanta ya yi salla, kuma wane wata zai duba ya ɗauki azumi? Ya ce ba shi da amsa, amma wata rana za a sami ɗan unguwar nan da zai nemo. Soron da kika raina kuwa, shekara arba'in yana hawansa duk ashirin da tara ga wata, bai taɓa cewa ya gani ba alhali bai gani ba. In masu kumbonki suna da gaskiya irin wannan, to sun yi arziki.

Na sa hannu jiya bayan azahar. Suhaibu direba zai kawo miki takardar ranar Laraba. Amma ba za ki hau jirgi ba sai kin zo Daura kin durƙusa gaban Baffanki, kin kuma gai da iyalan Malam. Shi Baffan na riga na gaya masa nasa. Tambayar Malam kuma ta zama taki, ki tambayi masana can da malaman nan, kada ki dawo mini hannu rabbana.

Sadiya da Kulu suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan Malam.

Daga yau kuma, a gidan nan, babba ko yaro, ba mai sake cewa Malam ya ce, sai ya faɗi inda ya ji da wanda ke wurin.

Mahaifiyarki,
Kubura.