Na Karya Hannun Yayana a Kan Saiwar Wake

Malam, don Allah ka taimake ni kafin a zubar da jini a gidanmu. Yau kwana shida da na karya wa yayana hannu, uwa ɗaya uba ɗaya.

Gonar gado ce, tare muke noma ta. Bana wakenmu ya ƙi tashi, ganye ƙanana, ba fure. Tun lokacin shuka na ce mu sa takin supa, ya ƙi. Ran nan ya tuge guda ɗaya, ya ga wasu ƙulle-ƙulle a jikin saiwar, ya ce cuta ce, ya hau tugewa. Kafin in iso ya gama da kunya takwas. Na ce ya bari, ya tambaye ni yaushe aka haife ni, ya kai min naushi, haƙorina ya fita. Ban san sanda na ɗaga ƙotar fartanya ba. Ƙarar ƙashin nan har yau tana kunnena. Abin da ke cin raina, yana durƙushe na sake ɗagawa, maƙwabcin gonarmu ne ya riƙe ni.

Inna ta daina amsa gaisuwata. Ƙannen matarsa sun aiko cewa sai sun ga jinina, ni ma yanzu da wuƙa nake yawo. Wai ni kaɗai ne mai laifi?

Mai Nadama

Mai Nadama, fara ajiye wuƙar nan yau, kuma ka sanar da hukuma barazanar da aka yi maka.

Ƙulle-ƙullen da yayanka ya gani ba lallai cuta ba ne. Wake na da irinsu: gidan wasu ƙananan halittu ne da ke ɗebo sinadarin naitirojin daga iska su ciyar da shi. A fasa guda, in cikinsa jaja-jaja ne, yana aiki. Aikin kuwa ba ya tafiya sai da fosfaras, wanda ke cikin takin supa. Mai yiwuwa shawararka daidai ce, malamin gona zai tabbatar. Yayanka ma ya yi laifi da ya fara duka.

Amma kunya takwas ba ta kai hannun mutum ba, ɗagawa ta biyu kuwa ba kare kai ba ce. Ka sa baffanku a gaba ku je ka nemi gafara, kada ka ambaci wanda ya fi gaskiya. Ka kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashin, ka ɗauke masa aikin gona har ya warke. Inna kuwa, gaishe ta kullum ko ta yi shiru.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya sanyaya zukatanku.